Yadda ake bambanta namijin ƙadangare da macensa

Yawancin baƙin da ke zuwa rijiyar Kusugu a Daura labarin maciji ne ke kai su, wato Sarki, wanda tarihin baka ya ce ya hana mutanen garin ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Sai dai dabba mai jan ciki da baƙo zai fi cin karo da ita a katangun unguwar a yau ita ce ƙadangare, irin wanda masana ke kira Agama.

Hausawa na kiran mai jan kai jan gwada, ko kutu. Sauran masu launin ƙasa kuwa akan ɗauka duk mata ne, kuma a nan ake yin kuskure.

Jan kai alamar sarauta ce

Gaskiya ne duk jan gwada namiji ne, amma ba kowane namiji ne jan gwada ba.

Ƙadangaru na zama ne gida-gida. Babban namiji guda shi ke riƙe da katanga ko bishiya, tare da mata da 'yan samari a ƙarƙashinsa. Shi ne kansa ke yin ja ko ruwan goro, jikinsa ya yi shuɗi mai duhu. Samarin kuwa sukan zauna da launin toka ko na ƙasa kamar mata, abin da ke rage masu farmakin maigida, har sai sun yi ƙarfin da za su kore shi ko su kafa nasu wurin.

Shi kansa jan gwadan ba kullum yake cikin adonsa ba. Da dare launinsa kan dushe, sai ya sha hantsi sannan ya dawo. Saboda haka wanda ya duba da sanyin asuba, musamman lokacin hunturu, yana iya ƙirga maigidan ma cikin mata.

Alamun da suka fi launi tabbas a jiki suke. Namiji ya fi girma, yakan kai santimita 30 daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, kansa ya fi faɗi, gindin wutsiyarsa ya fi kauri domin a nan gabansa yake ɓoye. Idan aka kife shi kuma, akwai jerin ƙananan ƙofofi a gaban duburarsa, waɗanda ba su bayyana a jikin mace.

Ita macen takan nuna ɗige-ɗige masu haske a kai, kuma idan tana ɗauke da ƙwai akan ga zanen rawaya ko ruwan goro a haƙarƙarinta. Gyaɗa kai ba hujja ba ce, tunda mata ma suna yi, ko da yake ba kamar maza ba.

A arewacin Ostireliya da kudancin tsibirin New Guinea akwai wani ɗan uwansa mai fatar wuya da yake buɗewa kamar laima idan ya razana. Shi bambantawar ta fi wuya, domin mace da namiji duk suna da laimar, don haka masu kiwonsa ma girman jiki, da faɗin kai, da gindin wutsiya suke dubawa.

Zafin ƙasa

Da damina macen ƙadangare kan haƙa rami a ƙasa mai laima ta zuba ƙwai, galibi 5 zuwa 7, ta binne. Sukan ƙyanƙyashe bayan mako 8 zuwa 10.

A shekarar 1966 wata masaniya mai suna Madeleine Charnier, da ke aiki a Jami'ar Dakar ta ƙasar Senegal, ta lura cewa ƙwan ƙadangaren da ya zauna a wuri mai ɗan zafi maza ya fi fitarwa, wanda ke wuri mai ɗan sanyi kuma mata, alhali tazarar ba ta wuce digiri 2 zuwa 3 ba.

Wannan ne karo na farko da aka bayyana irin haka a jikin wata dabba mai jan ciki. Daga baya an tarar zafin rami ne ke tantance mace da namiji a wajen kada da kunkuru masu yawa.