Gubar dalma a ruwan sha: abin da ya kamata kowane gida ya sani

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da taushi, irin wadda ke cikin batirin mota. Idan ta narke cikin ruwa ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwa garai-garai, amma da guba ciki.

Ƴan uwa da dama na tuna abin da ya faru a Zamfara, maƙwabtan Maradi, a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda niƙa dutsen zinariya mai dalma cikin gidaje. Can ƙura da ƙasa ne suka fi yin ɓarna. Ta ruwan sha kuwa sannu-sannu take shiga, tana taruwa cikin jini da ƙashi shekara da shekaru. Yara ƙanana da mata masu ciki ta fi cutarwa: tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, tana kawo ƙarancin jini, yaro ya kasa gane karatu a lakkol ana cewa ragwanci ne. Ga manya tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikrogiram 10 a kowace lita, ta kuma ce babu wani adadi da aka san ba ya cutarwa.

Sau da yawa ba rijiyar ce mai laifi ba, kayan aikin ne. Wani bincike da aka wallafa a 2021, kan famfunan karkara 261 a Ghana, Mali da Nijar, ya samu kashi 9 cikin 100 na ruwan da aka auna sun wuce waccan iyaka, kuma kawunan famfo da mahaɗai na tagulla ne suka fi ɗauke da dalmar. Ruwan da ya kwana cikin bututu shi ya fi jan ta.

Don haka da safe, ko bayan an daɗe ba a buɗe famfo ba, a bar ruwan farko ya zuba na ɗan lokaci. Kada a zubar, a yi wanki da shi. Mu lura da kyau: tafasawa ba ta fidda dalma, ƙara yawanta ma take yi don ruwa na ƙonewa. Javel ma ƙwayoyin cuta kawai yake kashewa. Kada a ajiye ruwan sha cikin tsohon bokitin fenti, kada a fasa batir ko a wanke dutsen zinariya kusa da rijiya ko tabki. Nono, wake da zogale na rage yadda jikin yaro ke tsotsar dalma.

Ku da ke ƙetare kuna aiko kuɗin gina fanfon gari, ku ce a sayi kayan da aka tabbatar ba su da dalma, kuma a auna ruwan kafin a fara sha. Yaron da ake zargi ya kamu, gwajin jini ne kaɗai ke nunawa. A kai shi likita.