Yadda alƙalamin feshi ya iso teburin wasan yaƙi

A ɗakin masu wasan yaƙi na kan tebur a Ingila ko Jamus, sau da yawa ƙugin ɗan injin iska ne ke fara tarbar baƙo. Siririn tiyo ya fito daga injin zuwa wani ƙarfe mai siffar alƙalami, da ɗan kofi a samansa inda ake ɗiga fenti. Da wannan alƙalamin feshi ake fente sojojin roba da tsayinsu bai wuce santimita uku ba, da tankokin yaƙi masu girman tafin hannu. Amma ba dominsu aka ƙera shi ba, kuma ya yi doguwar zagaye kafin ya same su.

Asalinsa Amurka ne, a hannun masu hoto. A 1876 Francis Edgar Stanley, wanda daga baya shi da ɗan tagwayensa suka yi suna da mota mai aiki da tururi, ya yi rajistar wata na'urar fesa launi a kan hoto. A 1879 Abner Peeler na jihar Iowa ya haɗa tasa da allura da wata 'yar ƙafa da iska ke juyawa, sai Liberty Walkup ya sayi haƙƙin, ya buɗe kamfani a Rockford ta jihar Illinois. Wanda ya ba abin siffar da muka sani yau shi ne Charles Burdick: ya sa iska da fenti suna haɗuwa a cikin jikin alƙalamin, ya koma Landan a 1893 yana sayar da shi da sunan Aerograph. A 1904 Jens Paasche, ɗan asalin Norway, ya kafa nasa kamfanin a Chicago. Aikin wancan zamani gyaran hoto ne da zanen talla, a shafe ƙurajen fuska, a sa mota ta yi sheƙi. Da irin wannan gyara ma'aikatan Stalin suka ɓatar da Nikolai Yezhov daga hoton da yake tsaye kusa da maigidan nasa.

Shi kuwa wasan yaƙi yana can yana tafiyarsa. Wanda Georg von Reisswitz ya nuna wa sojin Prussia a 1824 da 'yan gutsattsarin ƙarfe ake yinsa a kan taswira, ja da shuɗi, shi ke nan. Sojojin dalma masu rami a ciki da kamfanin William Britain ya fara zubawa a 1893 da hannu ake fente su, kuma irinsu H. G. Wells ya jera a ƙasa yana harbinsu da 'yar igwar wasa lokacin da ya fitar da littafinsa Little Wars a 1913. Sojan da za a harba ya faɗi, wa zai ɓata lokaci yana yi masa inuwa?

Tankar yaƙi ce ta haɗa hanyoyin biyu. A watan Fabrairun 1943 sojin Jamus suka ba da umarni a riƙa fito da motocin yaƙi da launin rawaya mai duhu, a ba sojoji gwangwanayen kore da na ja mai ruwan ƙasa su ƙara da kansu a fagen daga. Suna damawa da ruwa ko da fetur, wasu su fesa da bindigar fenti, wasu su shafa da buroshi. Inda aka fesa, launi yakan narke cikin launi ba tare da layi ba. Da Airfix ta fito da jirgin Spitfire na roba a 1953, Tamiya ta Japan kuma ta biyo da tankoki masu ma'aunin 1/35 a shekarun 1960, sai masu haɗa waɗannan kaya suka ci karo da matsala: buroshi, komai laushinsa, sai ya bar iyaka mai kaifi. Dole suka nemi feshi. Kamfanin Badger na Illinois ya samar musu da masu araha, ana haɗa su da gwangwanin iska. Wahala ce tsantsa, don gwangwanin yakan yi sanyi ƙarfinsa ya faɗi ana tsakiyar aiki, ga fentin mai da warinsa ke cika gida.

Masu wasa dai ba su yi gaggawar bi ba, kuma suna da hujja. Sojojinsu na ƙarfe ne, cike da ɗamara da maɓallai, aikin bakin buroshi. Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975, ta fito da wasan Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987, ta kuma tarbiyyantar da yara masu yawa a kan hanya ɗaya: shimfiɗa baƙi, ɗora launi, zuba mai ruwa-ruwa ya shiga lunguna, a goge gefuna da buroshi busasshe. A ganina ba son ƙwarewa ne ya sauya wannan ba, yawa ne da girma. Daga motar Rhino ta roba da Games Workshop ta fitar a 1988 motoci suka yi ta ƙaruwa suna faɗaɗa, rundunoni suka kai ɗaruruwa. Faffaɗan bangon tanka ba ya rufa wa buroshi asiri, kuma mai soja ɗari yana so ya yi wasa kafin furfura ta cim masa.

Sauran sai ya zo da sauri. Vallejo ta Sifen ta kawo fenti mai narkewa a ruwa cikin kwalaben ɗigo, har da wanda aka riga aka tsinka don feshi. Ƙananan injinan iska daga Sin suka karya farashi, YouTube ta zama makaranta. A 2015 ita kanta Games Workshop ta fito da jerin fentin Citadel Air.

Aikin kansa na yatsa ɗaya ne. Ka danna maɓallin ƙasa iska ta fito, ka ja shi baya allura ta janye fenti ya biyo, ta bakin da galibi bai wuce milimita 0.3 zuwa 0.5 ba. Ana tsinka fentin ya zama kamar madara. In ya yi kauri sai ya toshe ko ya yi tofi, in ya yi ruwa sai ya bazu da ƙafafu a jikin tanka. Yakan bushe a kan tsinin allura, a tsaya a goge. Ga takunkumin hanci, ga wanki bayan kowane launi, wanda yakan ci lokaci fiye da feshin.

Dabarar da ta fi karɓuwa ita ce a fesa soja baƙi ƙirin, sannan a fesa fari daga saman kansa kawai, hula da kafaɗu su yi haske, ƙarƙashin hammata ya zauna da duhunsa. Da fentin Contrast mai shara-shara ya fito a 2019, sai aka riƙa shafa shi a kan wannan shimfiɗa, inuwar na bayyana ta ƙarƙashi, a gama rukunin soja goma a yammaci guda. Idanu, ɗamara da bakin takobi kuwa har yanzu ɗan siririn buroshi ake ɗaukowa.