Guba Mai Jiran Haske

A shekarar 1913, wani likita Bajamushe mai suna Friedrich Meyer-Betz ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na sinadarin hematofofirin, sannan ya fita rana. Fuskarsa da hannuwansa suka kumbura, ya shafe fiye da wata biyu fatarsa ba ta jure hasken rana. Kasadar tasa ta nuna ƙarfin wannan magani, ta kuma fallasa aibinsa: bai san inda ya kamata ya tsaya a jiki ba.

Asalin labarin ya faro ne a birnin Munik. A 1900, ɗalibi Oscar Raab ya lura cewa rinin akridin yana kashe wasu ƙananan halittun ruwa idan akwai haske, a cikin duhu kuwa da kyar yake taɓa su. Malaminsa Hermann von Tappeiner ya gano cewa sai da iskar oksijin aikin ke yiwuwa. Rinin yana karɓar ƙarfin haske ya miƙa wa oksijin, shi kuma oksijin ya rikiɗe zuwa wani nau'i mai ƙona duk tantanin da ke kusa. A 1903 Tappeiner da Albert Jesionek suka shafa rinin iyosin a kan sankarar fata, suka haska.

An yi shekaru saba'in da ɗoriya kafin lamarin ya zauna a asibiti. A 1978 Thomas Dougherty na cibiyar Roswell Park a Amurka ya wallafa sakamakon jinyar mutum 25 da wannan hanya, a 1993 kuma Kanada ta amince da maganin Photofrin domin sankarar mafitsara. Sai dai matsalar Meyer-Betz ba ta gushe ba. Maganin yakan daɗe a fata, majinyaci ya guji rana wata guda ko fiye, jan hasken da ke tayar da shi kuma ba ya ratsa tsoka fiye da 'yan milimita.

Daga nan hankali ya koma kan abin da zai ɗauki maganin. Da yawa daga cikin sinadaran ba sa narkewa a ruwa, sukan dunƙule a jini, dunƙulewar kuma tana rage musu ƙarfi. Masana suka fara cusa su cikin ƙananan ƙunsoshin kitse da ake kira lifosom, suna dogaro da binciken Matsumura da Maeda na 1986, wanda ya nuna cewa jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, manyan ƙwayoyi kan taru a wurin. Dabarar ta fi cin nasara a jikin ɓeraye fiye da na mutane.

A 2020 Japan ta amince da Akalux domin sankarar kai da wuya. A nan an ɗaura rinin ne a jikin wani furotin na garkuwar jiki mai manne wa tantanin sankara, sannan a haska washegari. Ko da shi ma, ana gargaɗin majinyata su kiyayi hasken rana na wasu makonni.