Ƙungiyar Mawaƙa: Karɓar Kowa da Girmama Juna

Ƙungiyar mawaƙa, wadda aka fi sani da kwaya, taron masu bi ne da ke jagorantar ikkilisiya cikin waƙar yabo a lokacin sujada. Yawanci tana waƙa da muryoyi huɗu, biyu na mata, biyu na maza. Da yake babu muryar da za ta ɗauki waƙa ita kaɗai, zaman lafiyar mambobi wani sashe ne na aikin kansa.

Asali

Salon muryoyi huɗu daga Turai ya zo ta hannun 'yan mishan, da shi ne kuma ake rera yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi. Hanyar karanta murya ta do, re, mi, wani fasto ne a Ingila mai suna John Curwen ya yaɗa ta a ƙarni na 19, domin yaran makarantar Lahadi da talakawa su iya waƙa ba tare da sun yi karatun kiɗa mai zurfi ba. Da ita ce ƙungiyoyi da dama ke koyon manyan waƙoƙi irin Halleluya ta Handel, wadda aka fara rerawa a birnin Dublin a 1742. Ashe an kawo ta ne don a buɗe ƙofa. Kuskure ne a mai da ita abin raina wanda bai iya ba.

Koyarwar Littafi Mai Tsarki

A 1 Tarihi sura 25, Dawuda ya keɓe iyalan Asaf, Heman da Yedutun domin hidimar waƙa. Horarrun mawaƙa 288 ne, aka raba su kashi 24 ta hanyar kuri'a, ba a fifita babba a kan ƙarami ko malami a kan almajiri ba. Wannan bai soke gwaninta ba: a 1 Tarihi 15:22 an ba Kenaniya shugabancin waƙa saboda ya ƙware. Yakubu 2:1-4 ya hana nuna bambanci saboda tufafi, 1 Korintiyawa 12 kuma ta koyar cewa gaɓar da ake ganin ba ta da ƙarfi, jiki ba ya yi sai da ita.

Inda masu bi ba su da yawa

A wurare irin su Anka, Gummi da Bukkuyum a yammacin jihar Zamfara, Kirista kaɗan ne. Majami'a guda takan haɗa Hausawa, Dakarkari daga ƙasar Zuru, 'yan kasuwa daga kudu, ma'aikata, da waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. A irin wannan ikkilisiya, idan baƙar magana ta kori mutum biyu, murya guda ta mutu ke nan. Wani lokaci ma wanda ya bar kwaya yakan daina zuwa sujada ɗungum.

Ka'idojin zama tare

1. A karɓi duk mai bi da ke shirye ya zo koyo, ba tare da duba kabila, boko ko aljihu ba.
2. Wanda bai iya karatu ba, a koya masa da ka. Makaho da tsoho sukan riƙe waƙa fiye da mai takarda.
3. Kuɗin rigar kwaya kada ya hana kowa hidima. Ƙungiya ta tanadi riguna don marasa hali, a ba su cikin sirri.
4. Shugaban mawaƙa ya gyara murya, kada ya muzanta mai ita. Ba a dariyar harshen wani.
5. A riƙa juya jagorancin waƙa, a kuma ba waƙoƙin harsunan mambobi wuri.
6. Kada masu muryoyi huɗu su raina Zumuntar Mata da tulunsu da gangarsu. Hidima ɗaya ce.
7. A tashi koyo kafin duhu. Babban namiji kada ya keɓe da yarinya da sunan koyarwa.

Idan saɓani ya taso

A bi matakan Matiyu 18:15-17: magana tsakanin mutum biyu, sa'an nan shaidu, sa'an nan ikkilisiya. Amma ƙarar cin zarafin yaro ko mace ba a sasanta ta a ɓoye. A sanar da fasto da iyaye nan take, a dakatar da wanda ake zargi har a gama bincike, a kai ga hukuma idan laifi ne a doka.

Yana da kyau a karanta waɗannan ka'idoji a gaban mambobi a farkon kowace shekara, kowa ya ji da kunnensa.