Daga Iskandariyya Zuwa Diyarbakir: Waiwaye Kan Injinan Al-Jazari

A shekarar 1206, a garin Amid da ke bakin kogin Dijla, wanda yau ake kira Diyarbakir a kudu maso gabashin Turkiyya, wani injiniyan fada ya kammala littafin da sarkinsa Nasiruddin Mahmud ya umarce shi da rubutawa. Sunansa Badi'uz Zaman Abul Izz bin Isma'il bin Razzaz, amma duniya ta fi saninsa da Al-Jazari, saboda asalinsa na Jazira, ƙasar da ke tsakanin Dijla da Furat. A lokacin ya shafe shekara 25 yana yi wa gidan sarautar Artuƙawa aiki, tun daga mahaifin sarkin, zuwa ɗan'uwansa, har shi kansa. Littafin ya ƙunshi na'urori 50, kuma kowace ya ƙera ta da hannunsa kafin ya rubuta yadda ake yin ta.

Ba shi ya fara ba, kuma bai taɓa cewa shi ya fara ba. Tushen wannan sana'a yana Iskandariyya ta Masar. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Kitisibiyus ya ƙera famfo mai fistin, ya kuma gyara agogon ruwa ta yadda ɗigarsa za ta daidaita. Filon na Bizantiya ya biyo shi da rubutu kan iska da ruwa, sai Hiron a ƙarni na 1 Miladiyya. Da Abbasiyawa suka buɗe ƙofar fassara a Bagadaza, waɗannan littattafai suka shiga Larabci. Ƙusɗa bin Luƙa ne ya fassara littafin Hiron kan ɗaga kaya masu nauyi, kuma da wannan fassarar aka san cikakken littafin a yau, domin asalinsa na Girkanci ya salwanta in ban da 'yan guntaye.

A wannan Bagadazar aka yi 'ya'yan Musa bin Shakir su uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, waɗanda suka tashi ƙarƙashin kulawar Halifa Ma'amun. Wajen shekarar 850 suka fitar da Kitabul Hiyal mai na'urori kusan 100: tulun da ke zuba ruwa iri biyu ta baki ɗaya, fitilar da ke tura lagwaninta da kanta tana ƙara wa kanta mai, da wani ƙarfe mai baki biyu na tsamo kaya daga ƙarƙashin ruwa. Gwanintarsu tana wajen sarrafa ruwa da iska da ƙananan bawul. Sai dai bayaninsu gajere ne, zanensu kuma na wanda ya riga ya iya ne. Mai koyo zai sha wuya kafin ya ƙera abu daga ciki.

Nan ne Al-Jazari ya bambanta, kuma a ganina nan ne girmansa yake. Ya rubuta littafinsa yadda maƙeri ke koya wa yaronsa aiki. Zai faɗi tsawon sanda, da kaurin farantin tagulla, da inda za a huda, da inda za a yi walda da dalma, ya sa wa kowane ɓangare harafi a jikin zane, sannan ya koma ya bayyana yadda duka ke motsi tare. Ya koyar da haɗa siraran katako a manne su don kada itace ya karkace, da gwada wili a kan sandarsa har sai nauyinsa ya daidaita ta kowane gefe, da yanka siffar abu a takarda kafin a taɓa ƙarfe, da goga bawul da mazauninsa da garin dutse har su haɗe ruwa ba ya yoyo. Irin waɗannan abubuwa ne masu sana'a ke riƙewa a ka, su mutu da su. Shi ya zuba su a takarda.

Littafin kashi shida ne, kuma agogo ne ya buɗe shi. Na farko kamar ƙofar fada yake, tsayinsa ya haura mita 3. Yana da ƙofofi 12 a jere, jinjirin wata yana tafiya a gabansu, duk sa'a ƙofa ɗaya ta buɗe, shaho biyu su saki ƙwallon tagulla cikin tasa a ji ƙara. A sa'a ta shida da ta tara da ta goma sha biyu, mutum-mutumin makaɗa biyar su buga ganga da kuge, su busa ƙaho. Abin da ke bayan bangon ya fi wannan ban sha'awa. A wancan zamani ana raba yini sa'a 12, dare ma 12, don haka sa'ar bazara ba ɗaya take da ta hunturu ba, dole gudun ruwan ya riƙa canzawa kullum. Al-Jazari ya ɗauki tsarin da ake jinginawa ga Arkimidis, ya ambaci sunansa, ya gwada, ya ga rabon da aka yi wa faifan daidaita ruwan bai ba da sa'a daidai ba. Sai ya zauna ya yi ta gwaji, yana auna ruwa yana sa alama, har ya fitar da sabon rabo. Haka ya yi da maɓuɓɓugan ruwa na 'ya'yan Musa: ya yaba musu, ya ce hanyarsu ta sauya feshin ruwa ba ta gamsar da shi ba, ya kawo tasa ta bokiti mai cika ya tuntsure.

Agogon giwa shi ne ya fi shahara. A cikin cikin giwar akwai tankin ruwa, a kansa wata tasa mai ƙaramin huji tana yawo. Rabin sa'a take ɗauka ta cika ta nutse. Nutsewarta sai ta ja igiya, igiyar ta saki ƙwallo daga hasumiyar da ke bayan giwar, ƙwallon ya fito ta bakin shaho ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin, sunkuyawar ta ja tasar sama ta zubar da ruwanta, matuƙin giwa ya buga, komai ya koma farko. Muddin akwai ƙwallaye a ma'ajiyarsu, agogon ba ya buƙatar hannun kowa.

Wasu kan ce ai duk kayan wasan sarakuna ne. Gaskiya ne akwai kwale-kwalen makaɗa na wuraren shaƙatawa, da kwanukan shaye-shaye na fada. Amma a littafin nan akwai butocin alwala masu zuba ruwa da kansu, da kwanon wanke hannu mai siffar ɗawisu wanda ɗan mutum-mutumi ke fitowa ya miƙa abin wanki, wani ya miƙa tawul. Akwai kwanukan da ke auna yawan jinin da aka zubar wa majiyyaci idan an tsaga masa jijiya, don kada a wuce kima. Akwai makulli mai haruffa, da bayanin yadda ya zuba tagullar babbar ƙofar fadar Amid.

Sannan akwai injinan ɗaga ruwa guda 5, waɗanda su ne suka fi kusa da rayuwar manomi. Na biyar ɗin famfo ne da gudun kogi ke juyawa. Wili mai fukafukai yana juya wani wili mai haƙora, shi kuma yana kaɗa sanda dama da hagu, sandar tana tura fistin biyu da ke fuskantar juna cikin silinda biyu na jan ƙarfe. Yayin da ɗaya ke zuƙo ruwa, ɗayan yana tura nasa sama, bawul suna buɗewa suna rufewa da kansu. Duk wanda ya taɓa ganin an kwance famfon tuƙa-tuƙa zai gane dangantakar nan take. Masu ɗoki kan ce Al-Jazari ne ya ƙirƙiro hannun da ke mayar da juyi zuwa kai-da-komo. Wannan ya wuce gona da iri, domin Rumawa sun yi amfani da irinsa a injin yankan dutse na Hiyerafolis tun ƙarni na 3. Abin da yake nasa shi ne haɗa shi da famfo mai bututun zuƙa na gaske, da rubuta shi dalla-dalla.

Bayansa sana'ar ba ta tsaya ba. An yi ta kwafar littafin a Sham da Masar, aka fassara shi zuwa Farisanci da Turkanci. A Dimashƙ, a kan kogin Yazid, an gina injin ɗaga ruwa mai kama da nasa na uku, ya yi aiki tun ƙarni na 13 har zuwa wajejen 1960. A 1551 Taƙiyyuddin bin Ma'aruf ya bayyana famfo mai silinda 6. Agogon ruwa kuwa ya ja baya da Turai ta fito da agogo mai nauyi da haƙoran ƙarfe wajen ƙarshen ƙarni na 13.

Kwafin littafin Al-Jazari da ya fi tsufa, wanda aka rubuta a 1206, yana ɗakin karatu na fadar Topkapi a Istanbul. A 1974 wani injiniya ɗan Ingila, Donald Hill, ya fassara littafin zuwa Turanci, kuma a 1976 aka bi bayanin Al-Jazari aka sake ƙera agogon ƙofar fada a Landan, ya yi aiki. Yau akwai katafaren agogon giwa a kasuwar Ibn Battuta da ke Dubai. Shekara 770 bayan kammala littafin, mutanen da ba su taɓa ganin maƙerarsa ba sun ɗauki awonsa sun tayar da na'urarsa, kuma wannan ya isa shaida cewa abin da ya rubuta daidai ne.