Wa ke da ikon ce wa yaro daƙiƙi? Tarihin masanin halayyar yara a makarantun gwamnati

A shekarar 1882 Faransa ta kafa dokar da ta tilasta wa kowane yaro daga shekara 6 zuwa 13 samun karatu, a zamanin minista Jules Ferry. Da azuzuwa suka cika da ƴaƴan manoma da na ma'aikata, sai malamai suka ci karo da matsalar da kowane mushe ya sani a yau: akwai yaran da shekara ke ƙarewa ba su riƙe harafi ba. Wa zai faɗi dalili? Malami na iya cewa lalaci ne, likita ya ce ciwo ne, uba ya ce malamin ne bai iya ba. Daga wannan gardama aikin masanin halayyar yara na makaranta ya samo asali.

A 1904 ma'aikatar ilimi ta Faransa ta kafa kwamiti kan karatun irin waɗannan yara, kuma Alfred Binet yana cikinsa. A 1905 shi da likita Théodore Simon suka fito da gwaji mai tambayoyi 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: yaro ya faɗi sunan abin da ke cikin hoto, ya maimaita lambobi, ya bambanta nauyin ƙananan akwatuna biyu, ya faɗi bambancin ƙuda da malam-buɗe-littafi. A 1908 suka jera tambayoyin bisa shekaru, domin a ga ko ɗan shekara 8 yana iya abin da sa'o'insa ke iyawa. Shekara guda bayan haka, dokar 1909 ta ba da damar buɗe azuzuwa na musamman ga waɗanda suka yi baya.

Manufar Binet ita ce a gano yaron da ke buƙatar taimako, a taimake shi. Ya yi gargaɗi ƙarara cewa basira tana ƙaruwa da horo, ya kuma soki masu ɗaukar ta a matsayin rabo ƙayyadadde da aka haifi mutum da shi. Har darussan ƙarfafa natsuwa da riƙe abu a ka ya tsara wa yaran. Ya rasu a 1911, bai ga inda aka kai gwajin nasa ba.

A Amurka ma aikin ya fara ne daga aji. A 1896 Lightner Witmer ya buɗe wurin duba yara a jami'ar Pennsylvania, bayan wata malama ta kawo masa labarin ɗan shekara 14 da ya kasa haɗa haruffa. Da aka bincika, sai aka tarar yaron yana da matsalar ido. Tun daga nan aka koyi cewa kafin a tuhumi ƙwaƙwalwa, a fara duba ido da kunne. A Ingila kuwa, hukumar birnin Landan ta ɗauki Cyril Burt a 1913 don ya riƙa duba yaran makarantunta.

Sai dai wuƙar da ke yanka nama tana yanka hannu. A 1916 Lewis Terman na jami'ar Stanford ya sake fasalin gwajin Binet, sakamakon ya koma lamba guda da ake kira IQ. Lambar ta yi wa hukumomi daɗi, domin tana rarraba dubban yara cikin sauri, kuma mutane da yawa suka ɗauke ta hukuncin da ba ya canzawa. Ɓarnar ta fito fili a Kaliforniya. A 1970 aka kai ƙara kotu a madadin yara 9 ƴan asalin Meksiko, masu magana da Sifaniyanci a gida, waɗanda aka gwada da Ingilishi aka tura ajin masu raunin ƙwaƙwalwa. Da aka sake gwada su da harshensu, mafi yawansu suka wuce iyakar da aka sa. Shari'ar, wadda aka sani da sunan Diana, ta ƙare da yarjejeniyar a riƙa gwada yaro da harshen da ya fi ji. A 1979 wani alƙali a jihar ya hana amfani da gwajin IQ wajen tura baƙaƙen yara irin waɗannan azuzuwa.

Faransa ta bi wata hanya bayan yaƙin duniya na biyu. Da ƙarfafawar Henri Wallon aka naɗa masanin halayyar makaranta na farko a Grenoble a 1945, sannan René Zazzo ya jagoranci wasu a Paris. Ra'ayin Wallon shi ne wannan ma'aikaci ya fito daga cikin malamai, ya zauna cikin makaranta, ya kula da dukkan yara, ya kuma dubi tsarin koyarwa, domin wani lokaci a nan cikas yake. A 1990 aka kafa ƙungiyoyin tallafi da ake kira RASED, inda yake aiki tare da malamai ƙwararru, kuma a 2017 aka ba masu wannan aiki matsayi nasu na kansu a ma'aikatar ilimi.

Daga wannan tarihi nauyin aikin ya tattaru. Yana shiga aji ya ga yaro yadda yake, ya saurari malami, ya zauna da iyaye. Ba ya gwada yaro sai da sanin iyayensa. Abin da ya ji amana ne, ba ya zama hirar ofishin darakta. Ba ya rubuta magani; idan ya ga alamar ciwo, kamar farfaɗiya ko kurumta, sai ya tura yaro wurin likita. Rahotonsa kuma dole ya ƙare da abin da malami zai yi gobe da safe, kamar matso da yaro gaban allo ko rarraba masa aiki kaɗan-kaɗan.

Mu da muka gaji tsarin lakol daga Faransa, labarin Diana ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ya shigo CI a Maraɗi ko Tawa da Hausa kaɗai a bakinsa, aka yi masa tambaya da Faransanci ya yi shiru, ba a auna basirarsa ba, Faransancinsa aka auna. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973.

A makarantar da babu masanin halayya, hukuncin yana hannun malami da iyaye, kuma kalmar “daƙiƙi” tana iya fitar da yaro daga makaranta har abada. Kafin a furta ta, ko a rubuta cewa ya maimaita aji, a yi tambayoyin da masu aikin suka koya a cikin shekara fiye da 100. Yana ganin allo? Yana ji da kyau? Ya karya kumallo? Kwana nawa ya yi fashi a lokacin girbi? Me ke faruwa a gida? Idan aka tambaye shi da Hausa, yana amsawa? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya ya yi rabin aikin Binet, ko da ba shi da takardar gwaji ko ɗaya.