Kaɗanya a Gonakinmu

Tun kaka da kakanni, manomanmu ba sa sare kaɗanya lokacin sharar gona; sukan bar ta, su shuka dawa da gero a kewayenta. Ganyenta kan zama taki, saiwoyinta kuma suna rage zaizayar ƙasa. Da damina mata kan tsinci 'ya'yanta, su fitar da man kaɗe domin girki, shafawa da sayarwa. Tun ƙarni na 14 matafiyi Ibn Batuta ya ambaci wannan mai a ƙasar Mali.

Kaɗanya kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma masu gawayi kan kayar da ita cikin yini guda. Saboda haka muna kira ga dagatai da masu unguwanni su hana sare ta, manoma kuma su riƙa renon ƙananan da suka tsiro.